Manhajar da Aka Yi wa Jana'iza Tana Raye

Mai karatu, da kai ne ka ƙirƙiro abin da zai mai da kai attajiri, za ka raba shi kyauta? Abin da Ken Sakamura na Jami'ar Tokyo ya yi ke nan a 1984. Ya fito da TRON, tsarin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya buɗe ƙa'idojinsa ga kowa bai nemi ko sisi ba. Burinsa kowace na'ura, daga firji har mota, ta ɗauki 'yar kwamfuta a cikinta, su riƙa jin yaren juna. Mutane da yawa suka ce mafarki yake yi.

Masu shakkar suna da hujja. MS-DOS na Microsoft ya riga ya mamaye kasuwa, kwamfutocin NEC kuma sun cika ofisoshin Japan. Wa zai saki reshe ya kama ganye? Duk da haka, aka shirya a sa BTRON, reshen TRON na kwamfutar tebur, a makarantun ƙasar. Nan ne hankalin Amurka ya tashi.

A 1989 ofishin wakilin cinikayya na Amurka ya lissafa TRON cikin abubuwan da ke tare wa kayan Amurka hanya a Japan. Ka ji fa, abin da kamfanonin Amurka ma suna iya ɗauka kyauta! Daga baya an janye sunan, amma aikin gama ya gama. Kamfanonin Japan sun ji tsoron rasa kasuwar Amurka, suka ja da baya, shirin makarantu ya rushe. Masu shakka suka ce ai mun faɗa.

Da kai ne, mai karatu, da ba ka tattara takardunka ka koma gida ba? Sakamura bai koma ba. Idon duniya na kan kwamfutar tebur, shi kuwa ɗaya reshen, ITRON, yana ta shiga cikin kyamarori, wayoyin hannu da injinan motoci, inda ba mai ganinsa.

A 2003 Microsoft da kanta ta shiga ƙungiyar T-Engine da Sakamura ke jagoranta. A 2018 cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta mai da wani jikan TRON mizanin duniya. Masu shakkar sun tsaya gadin ƙofar gaba, TRON kuwa tuni ya shige ta baya ya zauna a tsakar gida. Duba kyamarar da ke hannunka, mai karatu, wataƙila yana ciki.