Hanyoyi Biyu na Bincike: Gwaji da Lura

Hirarmu ta yau a kan bincike take. Kada kalmar ta ba ka tsoro. Bincike shi ne neman sanin dalilin abu ta hanyar da kowa zai iya dubawa ya yarda.

Ga misali. Maƙwabcinka ya zuba takin zamani, ya samu hatsi fiye da naka. Sai ka ce taki ne ya yi aiki. To, ka tabbata? Wataƙila shanu sun kwana a gonarsa da rani. Wataƙila ya riga ka shibka da kwana 10. Idan ka sayar da akuyarka ka sayi taki bisa zato, kana iya yin hasara.

Hanya ta farko ita ce gwaji. A nan kai ne kake canza abu da hannunka. Ka raba gona kashi 2 daidai. Iri ɗaya, ranar shibka ɗaya, noma ɗaya. Kashi guda ka sa masa taki, ɗayan ka bar shi haka nan. Wanda ka bari sunansa shaida, don shi zai nuna maka abin da gonar za ta bayar in babu taki. Abu guda kaɗai ake canzawa. In ka canza iri da taki tare, ba za ka san wanda ya yi aikin ba.

Wane kashi za a sa wa taki? Ka jefa ƙuri'a. Zuciyar mutum takan kai takin wajen da ƙasa ta fi kyau, ko bai lura ba. In da hali ka yi kashi 6, uku da taki, uku shaida, ya fi. Da kaka ka ƙidaya damman kowane kashi, ka rubuta. Irin wannan aiki ma'aikatan binciken noma suke yi a Tarna, kusa da Maraɗi.

A 1747 wani likitan jirgin ruwa na Birtaniya, James Lind, ya yi gwaji a kan mutane. Matuƙan jirgi suna fama da wani ciwo mai kumbura dasashi, yana sa shi zubar da jini, jiki ya mutu. Ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu. Abincinsu ɗaya ne. Waɗansu ya ƙara musu ruwan teku, waɗansu wani magani dabam. Mutum 2 ya ba su lemun zaƙi da lemun tsami. Cikin kwana 6 ɗaya daga cikinsu ya koma aiki, ɗayan kuma ya samu sauƙi ƙwarai. Mutum 12 sun yi kaɗan, gaskiya ne, amma tsarin mai kyau ne. Yau an san rashin bitamin C ke kawo ciwon.

Hanya ta biyu ita ce lura. A nan ba ka canza kome. Kana dubawa, kana tambaya, kana ƙidaya, sa'an nan ka kwatanta. Ƙidayar jama'a lura ce. Awon ruwan sama lura ne.

Me ya sa ba a yin gwaji kullum? Don akwai abin da bai halatta ba. Ba ka iya ba mutane ruwa mai ƙazanta don ka ga ko za su kamu da ciwo.

A 1854 kwalara, ciwon amai da zawo, ta faɗa wa wata unguwa a birnin London. Fiye da mutum 500 suka mutu cikin kwana 10. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka mugun wari ke kawo ta. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tambaya: ina mamacin yake shan ruwa? Ya tarar yawancinsu famfo ɗaya suke ɗiba, na titin Broad. Ma'aikatan wata masana'anta da ke kan titin ba su shan ruwan famfon, kuma ciwon bai kashe kowa cikinsu ba. Ya kai wa hukuma magana, aka cire hannun famfon.

Sai dai lura tana da rauni. Abu biyu suna iya zuwa tare, ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Shamuwa takan zo, ruwa ya biyo baya, amma ba ita ke kawo damana ba. Ko a London, ciwon ya fara raguwa tun kafin a cire hannun famfon, don mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Snow bai dogara da wannan kaɗai ba. Ya kwatanta gidajen da ke shan ruwan kamfani 2, ɗaya mai ɗiba daga kogi inda ƙazantar birni ke shiga, ɗaya daga sama inda ruwa ya fi tsabta. Mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a gidajen kamfani na farko.

Kafin hira mai zuwa, ku zauna da malaminku, kowa ya zana gonarsa a littafi, ya raba ta, ya nuna inda shaida za ta kasance.