Abin Da Ya Kamata Yaro Ya Sani Kafin Ya Shiga Kwaleji

Kowace shekara idan sunayen waɗanda aka ɗauka a manyan makarantu suka fito, gidaje da yawa a Giginyu da Badawa da Hotoro su kan cika da murna. A yi ta yi wa uba barka, shi kuwa ya ɗauka wahala ta ƙare. To, mu da aikin ilmi ya ke hannunmu mun san ba nan gizo ke saƙar ba. Mun sha ganin yaro mai kaifin basira ya shiga kwaleji da ɗoki, bayan shekara biyu a sallamo shi, ko kuwa ya fito da takardar da ba ta kai ƙwazonsa ba. Galibi abin da ke jawo haka shi ne rashin sanin yadda makarantar ke tafiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayani, tun da su ne mutanen unguwa ke kai wa takardu don su duba musu.

Iyaye da yawa har yanzu suna auna kwaleji da mudun da. Nan Nassarawa, kusa da Giginyu, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909. A 1922 kuma Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horon malamai, inda su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A zamanin nan lardi ke tura yaro, a ba shi ɗaki da abinci, ƙararrawa ta tashe shi, ita ce kuma ke kwantar da shi. Ɗalibai kaɗan ne, malamai sun san kowa da sunansa, in ya gama kuwa aikin En'e na jiransa. Yau ɗaruruwa ke zama a zaure guda su saurari malami ɗaya. Ba mai kaɗa ƙararrawa, ba mai zuwa gida ya tambayi abin da ya hana wane zuwa. Kwalejin yanzu ba ta bin kowa da bulala, lissafi kawai ta ke ajiye masa, ran ƙarshe ta buɗe masa littafi.

Da farko, sai yaro ya san irin makarantar da ya nufa. Kwalejin horon malamai, kamar irin karatun da aka daɗe ana yi a Sa'adatu Rimi kan hanyar Zariya, shekara uku a ke yi a sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar malanta tun da aka daina ba da takarda mai daraja ta biyu. A cikin shekarun nan akwai lokacin da a ke tura ɗalibi wata makaranta ya yi koyarwar gwaji, a zo a duba shi a aji. Foliteknik kuwa shekara biyu ce ƙaramar difloma, sa'an nan a tafi koyon aiki na shekara guda, a komo a yi biyu don babbar difloma. Jami'a, kamar ta Bayero wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, shekara huɗu ce digiri ga yawancin fannoni, amma lauya da injiniya biyar, likita shida. Mai NCE ko difloma da sakamako mai kyau ya kan nemi shiga jami'a ya fara daga aji biyu. Don haka wanda bai sami jami'a bana ba, kada ya ce hanya ta toshe.

Na biyu, ƙofar shiga. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke tabbatar da ɗaukar ɗalibi. Tun 2017 ta intanet a ke yin wannan: makaranta ta miƙa suna, hukumar ta amince, yaro da kansa ya shiga ya karɓa, ya buga takardar. Duk gurbin da wani ya ce zai samo ta bayan gida, ba tare da ya bi ta nan ba, abin gudu ne. Yaro na iya shekara huɗu yana karatu, sai lokacin bautar ƙasa ya zo a nemi sunansa a rasa. Haka kuma sunan da ke takardar sakandare da na JAMB da na lambar shaidar ɗan ƙasa lalle su zama ɗaya. Akawu ya san abin da harafi guda ke ɓatawa. Muhammad a nan, Mamman a can, ya isa ya tsai da takardar mutum wata da watanni.

Na uku, shi ne wanda muka fi so a kula da shi, watau yadda a ke lissafin maki. Shekarar karatu zango biyu ce. A farkon kowane zango ɗalibi ya kan yi rajistar darussan da zai ɗauka, kowane darasi da nauyinsa, wanda a ke kira yunit, wani biyu, wani uku. A yawancin jami'o'i da kwalejojin malamai, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4, daga 50 zuwa 59 C ce, darajarta 3, haka har a sauko kan F wadda ba ta da kome. Foliteknik na da nata ma'aunin, wanda ya tsaya a 4. A kan ninka darajar da yawan yunit, a tara, a raba da jimlar yunit.

Ga misali. Yaro ya sami A a darasi mai yunit 3, watau 15 ke nan, ya sami C a mai yunit 2, watau 6. Jimla 21, a raba da 5, ya tashi da 4.2. To, a ce akwai wani darasi mai yunit 3 da ya yi rajista ya yi sakaci ya faɗi. Yanzu 21 ɗin nan da 8 za a raba, sai ya faɗo 2.6. Ga shi kuma baɗi sai ya sake ɗaukar darasin tare da ƙannensa, abin da ɗalibai ke kira kariyoba.

Wannan lissafi ba a share shi a ƙarshen shekara. Kamar littafin kuɗi na Baitulmali ya ke, ragowar bara ita ke buɗe shafin bana. Jimlar da a ke ta ɗaukowa ita a ke kira CGPA, da ita a ke yanka darajar digiri: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu. Yaron da ya yi wasa ya gama shekarar farko da 2.00, in yana son ya fita da 3.50, sai ya riƙe 4.00 shekara uku a jere, watau B a kowane darasi ba fashi. Wanda ya faɗi ƙasa da iyakar da makaranta ta sa kuwa, a yi masa gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Na huɗu, jarrabawar ƙarshen zango ba ita kaɗai ke da maki ba. Kashi 30 ko 40 cikin ɗari daga gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida su ke fitowa. Makarantu da yawa kuma suna da dokar cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin ya zauna jarrabawa. Yaron Giginyu da ke karatu a sabon mazaunin Bayero kan hanyar Gwarzo sai ya ratsa Kano daga gabas zuwa yamma. In darasi na ƙarfe takwas ne, to, daga sallar asuba ba komawa barci. Kuɗin adaidaita sahu na kullum kuwa lalle uba ya sa shi cikin lissafi tun farko, kamar kuɗin rajista.

Game da kuɗi, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ta asusun NELFUND, ba ruwa a kansa, kuɗin makaranta kuma kai tsaye a ke biya wa makarantar. Amma a faɗa wa yaro rance ne, zai biya bayan ya gama ya kama aiki.

Roƙonmu ga malaman sakandare shi ne su ware ko da darasi ɗaya su koya wa 'yan ajin ƙarshe wannan lissafi a kan allo. Sabon ɗalibi kuma, makon farko ya nemi littafin dokokin makaranta ya karanta, ya san ofishin malamin da aka ɗora wa kula da ajinsu, ya adana kowane rasit da takardar rajista a jaka guda. Matambayi ba ya ɓata. Iyaye kuwa kada su tsaya ga “Yaya karatu?” da “Lafiya lau.” Ƙarshen kowane zango su ce a kawo takardar sakamako su gani, wanda bai iya karantawa ba ya kai wa malami ko akawun da ya amince da shi. Ɓarakar da aka gano a zangon farko tana ɗinkuwa, wadda aka bari har aji uku kuwa da wuya.