Kafin Ka Sayi Makirufo, Fara Sauraron Ɗakinka

A watan azumin da ya wuce wani ɗan ƙanena da ke zaune a Zangon Hausawa na nan Tamale ya zo mini fuska a murtuke, riƙe da wani kwali. Yaron yana tuƙa yalo-yalo, kuma ya yi wata uku yana tara 'yan sidinsa domin ya sayi makirufo, saboda yana son ya riƙa ɗaukar karatun kakansa, ya kuma gwada 'yan waƙoƙin da yake rerawa. Abin da ya sayo ya yi kyau a ido, ga kalar zinare, ga ƙafar ƙarfe mai lanƙwasa, ga soso, tamkar wanda ake gani a hoton manyan mawaƙa. Da ya kunna mini abin da ya ɗauka, sai na ji ƙugin fanka, na ji babura suna wucewa, na ji zabin maƙwabta da wata baiwar Allah tana daka a bayan gida. Muryar tsohon kuwa tana can ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Ya ce da ni, "Baba, sun cuce ni." Na ce masa, "Ɗana, ba lallai ne an cuce ka ba. Ka sayi makirufon da bai dace da ɗakinka ba ne."

Na san ba shi kaɗai wannan abu ya taɓa samu ba, shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna a wannan fili. A zamanin kaset, wanda yake son a ɗauki muryarsa da kyau sai ya nemi gidan rediyo, ko ya yi kuɗin mota zuwa Kumasi ko Accra. Yanzu kuwa wayar hannu ta zama rikoda, kuma akwai manhajoji na kyauta irin su Audacity, wadda ta fito tun shekarar 2000, da BandLab da ake sa wa a waya. Tun da Fancy Gadam, ɗan garin nan mai waƙa da Dagbanci, ya ci kyautar sabon mawaƙi a gasar mawaƙan Ghana ta 2017, sannan waƙarsa Total Cheat da ya yi tare da Sarkodie ta ci kyautar waƙar shekara a 2018, samari da yawa suka ga cewa daga Tamale ma ana iya kaiwa ko'ina. Mu ma 'yan Zango muna da masu bege, da masu wa'azi, da mahaddata, da masu tallar kaya, da masu ba da labari a WhatsApp da TikTok. Kowannensu yana bukatar murya mai fita tsaf, kuma yawancinsu aljihun bai da nauyi.

Iri biyu ne a kasuwa

Makirufon da mai karatu zai tarar a kasuwa iri biyu ne manya. Na farko ana ce masa dainamik. A cikinsa akwai wata 'yar fata siririya da aka manna wa naɗin waya, naɗin kuma yana zaune a tsakiyar maganaɗisu. Idan ka yi magana fatar ta girgiza, naɗin ya motsa, sai lantarki ya samu da kansa, ba ya bukatar batir ko wata wuta daga waje. Irinsa ne ake riƙewa a masallaci da wurin biki da taron siyasa. Yana da juriya, yana faɗuwa ya tashi, kuma ba shi da saurin ji, sai an matso kusa da shi. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Shure SM58, wanda ya fito tun 1966 kuma har gobe ana ƙera shi, da ɗan'uwansa SM57 na 1965 da aka fi sa wa ganguna.

Na biyu shi ne kondensa. Shi fatarsa ta fi siranta da rashin nauyi, tana zaune dab da wani faranti na ƙarfe, kuma sai an ba shi wuta kafin ya yi aiki. Na situdiyo yawanci suna son wuta mai ƙarfin bolt 48 wadda ke bi ta cikin wayar makirufon. Kunnensa ya fi kaifi, yana kama numfashi da laushin murya da zaƙin tsirkiyar molo ko goge. To amma wannan kaifin kunne shi ne kuma matsalarsa, domin mutum yakan ja baya da shi ya ƙara masa ƙarfi, sai ya kwaso duk abin da ke motsi a unguwa.

Yanzu sai mai karatu ya yi wa kansa adalci, ya rufe ƙofa ya zauna shiru na minti biyu ya saurari ɗakinsa. Yawancin ɗakunanmu siminti ne sama da ƙasa, ga rufin kwano, ga tagogi masu buɗe wa titi. A watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, ba mai iya kashe fanka ya daɗe. Da damina ta sauka kuma ruwa yana dukan kwano kamar ana kiɗan kalangu. Tamale gari ne na babura, ga lasifikokin masallatai da na masu biki, ga janareta idan an ɗauke wuta. A irin wannan ɗaki, dainamik ya fi kondensa amfani ga yawancin mutane, ko da kuɗinsu ɗaya.

Dalilin kuwa shi ne kusanci. Duk lokacin da ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, alhali hayaniyar titi tana nan yadda take. Dainamik an yi shi ne domin a sa shi kusa, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu daga baki, saboda haka murya takan danne hayaniya. Sannan a duba kwali a tabbata an rubuta cewa gabansa kaɗai yake ji, wato zanen da ke kama da zuciya. Irin wannan yana toshe kunne daga baya, don haka sai a juya bayansa wajen taga ko fanka.

Makirufo ba ya tafiya shi kaɗai

Kuskure na biyu da samari suke yi shi ne su kashe duk kuɗin a kan makirufo, su manta cewa sai an haɗa shi da waya ko kwamfuta. Makirufo mai baki uku, wanda ake kira XLR, ba ya shiga kwamfuta kai tsaye. Sai an sayi wani ƙaramin akwati da ake ce wa intafes, wanda ke ƙara wa sauti ƙarfi ya kuma mayar da shi abin da kwamfuta ke ganewa, irin su Behringer UMC22 mai sauƙin kuɗi ko Focusrite Scarlett Solo wanda ya fi shi tsada. Ga kuma kuɗin waya da ƙafar ajiyewa da abin sauraro na kunne. Idan ba a lissafa waɗannan tun farko ba, sai a wayi gari da doki babu linzami.

Wanda ba ya son wannan ɗawainiya sai ya nemi mai bakin USB, wanda intafes ɗinsa yake a cikinsa. Akwai ma masu baki biyu, USB da XLR, irin su Samson Q2U, wanda dainamik ne kuma yana da wurin soka abin sauraro. Irin wannan a ganina shi ya fi dacewa da mai farawa, domin yau zai haɗa shi da kwamfuta ko da waya ta hanyar 'yar mahaɗar OTG, gobe idan Allah Ya hore ya sayi intafes ba sai ya canza makirufo ba.

Game da farashi, ba zan rubuta shi da sidi ba, domin kafin mujallar nan ta iso hannu yana iya canzawa. Amma a kasuwannin Amurka da Turai SM58 na asali yana kaiwa wajen dala 100, haka ma kondensar Audio-Technica AT2020, shi kuwa Q2U yana ƙasa da haka, sannan Behringer XM8500, wanda dainamik ne mai baki uku, bai kai sulusin kuɗin SM58 ba kuma yana aiki yadda ya kamata. Kafin kaya su iso Tamale an ɗora musu kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Don haka duk wanda ya miƙo maka sabon SM58 a kuɗin da bai kai rabin na can ba, ka san jabu ne, domin yana cikin makirufon da aka fi yi wa jabu a duniya. Gara ka sayi mai ƙaramin suna na gaskiya da ka sayi babban suna na ƙarya.

Su kuma malamai da masu wa'azi da masu hira da dattawa, waɗanda magana ce kawai suke ɗauka da waya, ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga ya wadatar. Boya BY-M1 misali ne, yana da waya mai tsawon mita 6 da ɗan batir, kuma yana cikin mafi arha. Yana ji ta kowane ɓangare, amma da yake yana dab da baki, murya takan fito. Sai dai a duba ko wayar tana da ramin soka abin sauraro, domin sababbin wayoyi da yawa ba su da shi, sai an nemi mahaɗa. Marasa waya kuma da suka cika kasuwa, wasunsu suna da dabarar rage hayaniya wadda takan gutsure ƙarshen kalma ko ta karkarwar da murya idan an ja ta. Mai karatun Alƙur'ani da mai bege su gwada jan murya da shi kafin su biya.

A gwada kafin a biya

Ko a Aboabo za ka saya, ko a babbar kasuwa, ko wani ne zai aiko maka daga Kumasi, ka tafi da wayarka da abin sauraronka. Ka ɗauki magana ta minti ɗaya, ka faɗi kalmomi masu busa iska kamar fata da fitila da Fati, ka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ka saurara. A cikin shirun nan ne za ka ji ko yana shuu ko yana ƙugi. Ka girgiza wayarsa a wurin mahaɗa ka ji ko tana ƙaraf-ƙaraf. Ka yi magana ta gaba da ta baya ka ji bambanci. Na gwanjo ma babu laifi idan dainamik ne, domin da wuya ya mutu, amma kondensa na gwanjo sai an yi hattara. Idan ta intanet ne, kada ka tura kuɗi ta waya sai kayan sun iso hannun wanda ka yarda da shi.

Bayan an saya, sauran aikin na ɗaki ne, kuma ba ya cin kuɗi. Siminti tsirara shi ke mayar da murya ta zama amsa-kuwwa. A shimfiɗa darduma ko tabarma, a sauke labule, a jingina katifa a bango bayan mai magana, a rataya bargo, a buɗe akwatin tufafi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana hayaniyar waje shigowa, katifa ɗaya ta fi shi aiki. A zaɓi lokaci, kamar bayan an idar da asuba kafin gari ya waye sosai, ko cikin dare idan ƙafa ta ɗauke. A kashe fanka na minti goma, a ɗauka, a kunna a huta. Idan ana jin wani ƙugi mai kauri a ƙarƙashin murya, sau da yawa daga wutar gida yake, sai a cire caja a yi aiki da batir. Da hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina, a riƙa mayar da makirufo cikin jakarsa, musamman kondensa, wanda ƙura da danshin damina suke saurin lalatawa.

Kada wani ya ɗauka cewa sai da kayan miliyoyi ake abin kirki. Mawaƙiyar Amurka Billie Eilish da yayanta Finneas a ɗakin kwana na gidan iyayensu suka ɗauki faifansu na 2019 wanda ya kwashe kyaututtukan Grammy a 2020, kuma waƙar da ta fara fito da ita, Ocean Eyes, da AT2020 aka ɗauke ta. Sun san ɗakinsu, sun san kayansu, sun yi haƙurin maimaitawa.

Shi ɗan ƙanen nawa ya sayar da na zinaren ga wani mai situdiyo, ya cika kuɗi ya sayi dainamik mai bakin USB. Yanzu kowace Juma'a bayan asuba yakan jingina katifa, ya zaunar da kakansa, ya ɗauki karatu da labarin fataken goro da suka bi hanyar Salaga. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, sun iso mu ne domin an samu masu rubutawa da ajami suna adanawa. Dattawan Zangonmu na yau kuwa muna da halin ajiye muryarsu da kanta, da Hausarsu yadda suke furta ta, domin jikokin da Turanci da Dagbanci suka fi zama a bakinsu. Duk mai tsoho a gida ya yi ƙoƙari tun yana da rai da lafiya. Masu tambaya a kan wannan batu su aiko da wasiƙa ta hannun edita. Allah Ya sa mu dace, amin.