KANO DA KATSINA: INA ZAMA YA FI SAUƘI, INA KUMA YA FI DAƊI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin garuruwa kamar yadda ya raba shi tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da 'yan kasuwa, kowace shekara idan kaka ta yi, aka ɗaure dawa aka kai rumbu, mutanen ƙasarmu ta Gwarzo da Kabo sukan shiga shawarar birni. Wani cin rani zai je, wani yana so ya tashi da iyalinsa ɗungum, wani kuwa malami ne yana neman inda zai sauka da almajiransa. Ga shi Allah ya ajiye mu tsakanin manyan birane biyu. In ka yi gabas sai Kano ta Dabo, in ka bi ta Ɗayi da Kankiya sai Katsina ta Korau. Abin da yawanci ake tambaya shi ne nawa ake samu can. Kaɗan ne masu tambayar nawa ake kashewa, alhali kuwa ribar zaman gari ita ce abin da ya saura a hannunka bayan ka ci, ka sha, ka biya haya.

Wannan lissafi wajibi ne a kan mai iyali. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya, cikin Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa, sun bayyana cewa ana auna ciyarwa da tufatarwa da mazaunin da ke kan miji bisa ga ƙarfinsa, da halin matarsa, da al'adar garin da suke, da farashin kasuwarsa. Watau ran da ka sāke gari ka sāke nauyin da shari'a ta ɗora maka. Abin da ya wadatar da gida a Masanawa ba lalle ne ya wadatar da shi a Fagge ba.

Shaihu Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi fasali guda cikin Muƙaddima a kan farashi a birane. Abin da ya gano shi ne, birni in ya cika da jama'a, abincin larura irin hatsi yakan yi araha, domin kowa shi yake kawowa har ya yi yawa. Amma gini da tufafi da kayan marmari da ladan masu sana'a sukan yi tsada, domin masu so sun yi yawa kuma suna da abin biya. Saboda haka, in ji shi, mutumin karkara yakan sha wuya kafin ya zaunu a babban birni. Bari mu ɗora biranenmu biyu a kan wannan ma'auni.

A farkon shekarar 1851 wani Bature Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Katsina, daga nan ya wuce Kano zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta mazaunan Kano sun kai 30,000, da rani kuwa in fatake sun taru sukan ninka. Ya rubuta cewa da wuri 50,000 zuwa 60,000, watau keso biyu da rabi zuwa uku, ko fam 4 zuwa 5 na Ingila, gida guda zai ci ya sha ya yi sutura shekara cur ba tare da ƙunci ba. In ka raba, bai kai wuri 170 a yini ba. Dalilin wannan araha kuwa a fili yake, ƙasar Kano ƙasar noma ce, saƙa da rini kuma a gida ake yinsu. Amma ya koka da kududdufai da ƙazantar Jakara, shi kansa ma zazzaɓi ya kwantar da shi can.

Katsina fa? Ya tarar da ganuwa mai kewayen wajen mil 13, amma mutanen ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, sauran duk gonaki ne da kufai. Duk da haka ya yabi ƙasarta da kyawun iska da lafiya, ya yabi mutanenta da ladabi da tsabtar harshen Hausa. Abin da ya kwashe mata jama'a shi ne yaƙi. Bayan Ummarun Dallaji ya ci birnin a 1807, sarakunan dā suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka yi ta hare-hare shekara da shekaru, ayarin Larabawa da na Abzinawa suka karkata Kano inda hanya ta fi aminci. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai tazarar ta ƙara faɗi. Ku lura da wannan, ya 'yan'uwa: tun a wancan zamani kasuwa tana Kano, sarari da iska suna Katsina, kuma tsaron hanya shi ya yanke hukunci tsakaninsu.

To, yau fa? A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 na birnin Kano da kewayensa sun tashi da mutum wajen miliyan 2.8, ƙaramar hukumar Katsina kuwa wajen 318,000. Tun daga nan duka biyun sun ƙaru ƙwarai, amma har yanzu giwa da rago ne.

Wajen kayan masarufi maganar Ibn Haldun ta tabbata. Kano ce uwar sari: hatsi a Dawanau, sukari da sabulu da man girki a Singa, atamfa da shadda a Kantin Kwari, kayan gwari a 'Yan Kaba, kayan gini a Ƙofar Ruwa. 'Yan kasuwar Katsina da yawa a nan suke saro kaya, su ɗora kuɗin mota na tafiyar mil 100 da 'yan kai, mai saye ya biya. Sai dai wannan araha ta mai sayen buhu ce. Wanda ke awo da gwangwani kullum safiya a unguwa, hannu uku ko huɗu sun riga sun ci riba a kansa, bai san arahar Dawanau ba sai a labari. Katsina kuma tana da nata sauƙi wajen gero da wake da dabbobi, saboda kasuwannin Caranci da Mai'aduwa da Jibiya suna kusa da ita.

Inda Kano ke karɓe abin da ta ba ka shi ne wajen muhalli. Haya kusa da kasuwa ta fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, ga shi yawanci kuɗin shekara ake so a dunƙule, ga la'adar dillali. Sai mutum ya ja baya zuwa Rimin Kebe ko Ɗorayi ko Rijiyar Zaki, can kuma ya tarar abin da ya rage a haya zai biya shi a hanya. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja cikin birnin a 2013, a-daidaita-sahu ce abin hawan talaka, da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Mai hawa biyu zuwa kasuwa da biyu dawowa, ya lissafa na wata ya gani. A Katsina gari bai kai haka faɗi ba, fili da haya sun fi sauƙi, mutum yakan iya zuwa rumfarsa da keke, ya dawo gida ya ci abincin rana, ya ga abin da 'ya'yansa ke ciki. Wannan ma dukiya ce ko da ba a ƙirga ta.

Ruwa kuwa duka biyun suna kuka da shi. Kano na sha daga Calawa da Tamburawa da Watari, Katsina daga dam ɗin Ajiwa, amma jama'a sun fi ƙarfin famfo, unguwanni da yawa sai rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Wutar lantarki ma kamfani ɗaya ne ke raba musu, watau KEDCO. Mutumin ƙauye ya sani, abubuwa uku da bai saba saye ba can zai saye su kullum: ruwa da itace da wurin kwana. Albashi kuwa bai bambanta ba, domin a 2024 Kano ta yanke mafi ƙarancinsa naira 71,000, Katsina 70,000. Ashe ga mai albashi, garin da haya da mota suka fi sauƙi shi ne garin da kuɗinsa ya fi auki.

Ga ɗan kasuwa lissafin dabam ne. Jari kamar ruwa yake, in bai gudana ba ya ƙafe. A Kano masu saye na zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru, kaya na juyawa da sauri, yaron shago mai amana yakan sami ubangida ya yaye shi. Amma kirarin garin gaskiya ne, ko da me ka zo an fi ka, gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 kuma ta nuna yadda dare ɗaya ke cinye tarin shekaru, kamar yadda ta babbar kasuwar Katsina ta nuna a 2021. Cinikin Katsina kuwa da yawansa ya rataya ga iyaka. Da aka rufe ta a Agusta 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mutanen Jibiya da Katsina suka fara jin zafin. Ga kuma ɓarnar 'yan bindiga da ta auka wa ƙasashen Batsari da Safana da Ƙanƙara, ta kori manoma daga gonakinsu zuwa cikin birni, ta sa tsoro a hanyoyi. A 2021 an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi. Abin da jirgi ya yi wa Kano a 1911 ya isa ya sa mai hankali ya zuba ido.

Wajen ilmi babu wanda zai raina wani. Shaihu Magili ya zauna duka biyun. Kano na da Madabo da Kabara da zaurukan Salgawa da kasuwar littattafai a Kurmi. Katsina na da Gobarau, da tarihin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda unguwarsa Masanawa take takwarar garinmu. Amma malamin da zai ɗauki yara ya tuna amana ce iyayensu suka ba shi. A ƙauye almajiri na da gonar malam da tuwon maƙwabta. A birni mai cunkoso, inda masu gida kansu awo suke yi, yaro yakan wuni yawon bara da wankin kwano, allo na jingine a zaure. Wanda ba shi da masauki tabbatacce da hanyar ciyarwa, zamansa gida ya fi masa lada. Ta wajen magani Kano ta fi yawan manyan asibitoci, irin su na Murtala da na Malam Aminu Kano da na ƙashi a Dala, amma ita ce kuma ta fi hayaƙi da ƙura da ruwan masana'antu.

Abin da na gani ke nan. Mai jari da ƙarfin jiki da ubangida a kasuwa, Kano ta fi masa. Mai albashi, ko mai iyali da yawa da ƙaramar sana'a, ko mai son natsuwar karatu, Katsina ta fi masa sauƙi, in ya kiyaye hanyoyin da yake bi. Mu mutanen Gwarzo da Kabo kuwa muna da wata ni'ima da na nesa ba su da ita: Kano na kusa, mutum na iya sammako ya yi sarinsa ya kwana gida. Kafin kowa ya ɗaure kaya, ya je shi kaɗai ya yi rani guda, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana, sa'an nan ya yi istihara ya shawarci manya. Kome za a yi kada a sayar da gona don a biya haya, domin haya shekara take ƙarewa, gona kuwa jikoki ke gadonta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka cikin nemanmu, ya ba mu wadatar zuci. Wallahu a'alamu. Wassalam.

Daga wani malamin makarantar allo, Masanawa, ƙasar Kabo.