Rigakafin Cutar Kajin Gida Kafin Shigowar Hunturu

A ƙauyukan Nijeriya kaza ita ce asusun uwargida, da ita ake biyan kuɗin magani da na makarantar yara. Sai dai da zarar hunturu ya kankama, cutar Niyukasul kan share kajin unguwa guda cikin 'yan kwanaki. Alamunta sun haɗa da koren kashi, wahalar numfashi da murɗewar wuya.

Cutar ba ta jin magani, saboda haka rigakafi ne mafita. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa maganin rigakafi mai jure zafi. Ana ɗiga wa kowace kaza ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk bayan wata huɗu.

Wajibi ne kuma a killace kazar da aka sayo a kasuwa har mako biyu kafin ta cuɗanya da sauran, a kuma binne wadda ta mutu maimakon jefarwa a juji. Tun ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna a 2006, hukumomi ke kira da a gaggauta sanar da malaman dabbobi in kaji suka fara mutuwa farat ɗaya.