Teburin Sinuka Mai Araha: Dutsen Ake Saye, Ba Fenti Ba

A jihohin arewacin Amurka, inda sanyin hunturu ke daskarar da ƙasa, magina kan haƙa harsashin gida da zurfi don ya wuce iyakar inda ƙanƙara ke kaiwa. Tun da an riga an yi haƙa, sai a mai da ramin ya zama ɗaki a ƙarƙashin gida. A wannan ɗaki ne magidanta da yawa ke shirya wurin shaƙatawa na iyali, kuma abin da aka fi ɗokin ajiyewa a ciki shi ne teburin wasan nan na sanda da ƙwallaye da mu ke kira sinuka. Matsalar ita ce sabon tebur na ƙwarai ya kan ci dubban daloli, don haka kowa sai ya shiga neman mai araha. A nan ne kuwa kuɗin mutane da yawa ke salwanta.

Da farko ya kamata a bambance wasanni biyu da mu ke haɗawa da suna ɗaya. Sinuka ta ainihi an ƙirƙiro ta ne a shekarar 1875 a barikin sojan Ingila da ke Jabalpur a ƙasar Indiya, ana buga ta da ƙwallaye 22 a kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Wanda Amurkawa suka fi bugawa kuwa sunansa ful, ƙwallayensa 16, teburinsa ƙafa 7 ko 8 ko 9. Yawancin teburan da mu ke gani a bakin titi a garuruwanmu irin na biyun ne, ko da ya ke sunan na farkon ya bi su.

Sirrin tebur yana ƙarƙashin koren ƙyallen da aka shimfiɗa a kansa. A da can da katako ake yin shimfiɗar, sai a shekarar 1826 wani maƙerin tebura na birnin Landan mai suna John Thurston ya fara amfani da silet, watau baƙin dutsen nan mai faɗi da ake yin allon 'yan makaranta da shi a zamanin da. Dalili shi ne katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya kantare, amma dutse idan aka goge shi ya yi lebur, haka zai zauna shekara da shekaru. Har yau teburin gasa dutsensa ba ya gaza kaurin inci 1, kuma ana haƙo irin wannan dutse a ƙasashe kamar Burazil da Italiya da Sin.

To, teburan da ake sayarwa da araha a manyan kantuna, mafi yawansu ba dutse a cikinsu. Abin da ke ciki allo ne na garin itace da aka cuɗa da gam aka danne. A ido ba su da makusa, ga fenti ga ƙyalli. Amma ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi ne wuri mafi danshi a gida, kuma danshi shi ne ajalin irin wannan allo. Da zarar ya sha, sai ka ga ƙwallo na gangarawa gefe guda ba wanda ya taɓa ta, kuma allon da ya kantare ba ya gyaruwa. Gaskiyar masu iya magana da suka ce araha ba ta ado.

Saboda haka masu sanin harkar suka fi ba da shawarar a nemi tsohon tebur mai dutse maimakon sabo na garin itace. Irin waɗannan tebura ba su da wuyar samu a Amurka. Kamfanin Brunswick, wanda John Moses Brunswick ya kafa a birnin Cincinnati a 1845, ya daɗe yana ƙera su. Haka kuma fina-finai biyu na ɗan wasan kwaikwayo Paul Newman, watau The Hustler na 1961 da The Color of Money na 1986, sun sa jama'a sun yi rububin wasan. Teburan da aka saya a waɗancan shekaru da dama suna nan a ƙarƙashin gidaje. Idan mai gida zai tashi, ko 'ya'ya sun girma sun watse, tebur ya kan zame masa ƙarfen ƙafa, har ya tallata shi a intanet da kuɗi kaɗan, wani ma ya bayar kyauta ga duk wanda zai iya ɗauka.

Sai dai kyautar nan tana da ƙaya. Tebur mai dutse na ƙafa 8 ya kan kai kilo 300 zuwa 450. Ba a ɗaukarsa ɗungurungum, domin yin haka na iya tsaga dutsen ko ya karya ƙafafun, ko ma ya ji wa masu ɗauka ciwo. Kwance shi ake yi: a cire gefunan roba, a yaye ƙyalle, a fitar da dutsen. Galibi dutsen falle uku ne, kowane falle ya fi buhun siminti nauyi. Wanda dutsensa falle ɗaya ne, irin na gidajen wasa da ake jefa wa kwabo, sau da yawa ba ya juyuwa a kwanar matakalar da ke sauka ƙasa. Bayan an sauke, sai gwani ya daidaita fallayen da ma'auni, ya cike tsakaninsu da kakin zuma, sa'an nan ya ja ƙyalle ya ɗaure. Ladan wannan aiki ɗaruruwan daloli ne, kuma wajibi ne mai saye ya haɗa shi cikin lissafi tun kafin ya yi ciniki.

Wani wurin da ake yin asara shi ne awon ɗaki. Mutum ya kan auna tebur ya manta da sanda, alhali tsawon sandar wasa inci 57 ne zuwa 58, kuma dole ta sami sarari a kowane gefe. Alal misali, filin wasan tebur mai ƙafa 8 inci 44 ne a faɗi, 88 a tsawo. Idan aka ƙara tsawon sanda hagu da dama, ana bukatar ɗaki mai faɗin ƙafa 13 da inci 4, da tsawon ƙafa 17. Bugu da ƙari, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kan kasance da ginshiƙan ƙarfe a tsakiya masu riƙe da gidan. Akwai gajerun sanduna na inci 48 ko 52 don irin wannan matsi, amma gara ƙaramin tebur a ɗaki mai sarari da babba wanda sanda ke dukan bango.

Wanda ya je duba tsohon tebur, ya fara da leƙa ƙarƙashinsa don ya ga dutsen da idonsa, ya tabbata ba tsaga. Ya mirgina ƙwallo a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya ga ko za ta karkace. Ya danna robar gefe da yatsa, domin roba na bushewa idan ta tsufa, ta daina mayar da ƙwallo. Ƙyalle da roba da aljihuna duk ana canza su, don haka lalacewarsu hujja ce ta neman rangwame. Dutsen da ya fashe ko gangar jikin da ruwa ya ci, wannan kam a bar wa mai shi kayansa.

Mu a nan Nijeriya ba mu cika gina ɗaki a ƙarƙashin ƙasa ba, amma darasin ya shafe mu. Matasa da yawa kan zuba ɗan jarinsu a teburin sinuka, suna karɓar kuɗi a kan kowane wasa, kuma akasarin teburan kafintocin gida ne ke haɗa su da katako. Laimar damina da bushewar hunturu suna yi wa katakon nan abin da danshi ke yi masa a Amurka. Tebur kuwa in ya karkace, 'yan wasa za su koma na maƙwabci, jari ya kwanta. Wanda ƙarfinsa bai kai na dutse ba, ya nemi busasshen katako mai kauri, ya ɗaga ƙafafun daga ƙasa, ya yi masa rumfa, ya riƙa rufe shi da leda bayan an tashi.

Ko a Chicago ko a Agege, tambayoyi uku ne ya kamata mai saye ya amsa kafin ya sa hannu a aljihu: me ke ƙarƙashin ƙyallen, nawa ne kuɗin kai shi gida a kafa, kuma sanda za ta sami wurin juyawa? Wanda ya amsa su tun a kasuwa, sau ɗaya zai biya.