Zaman Taimakon Juna Ga Masu Barin Shaye-Shaye A Birnin Kudu Da Gwaram

Kamar yadda iyaye da masu unguwanni suka sani, sau da yawa matashi kan je asibiti ya daina shan ƙwaya, amma da ya dawo gida ya koma majalisarsa ta dā, kafin wata biyu sai a ga an koma gidan jiya. Likita yana ganinsa ne lokaci-lokaci, abokan shan kuwa kullum suna tare da shi. Wannan ne ya sa muke jawo hankalin jama'a kan zaman taimakon juna, wanda ake haɗawa da maganin asibiti.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Saboda haka matsalar ba ta samari kaɗai ba ce.

Mene ne wannan zama?

Taro ne na waɗanda suka sha tabar wiwi, taramol, kodin ko sholisho, suke kuma ƙoƙarin bari. Sukan haɗu sau ɗaya ko biyu a mako, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, da abin da ya so ya mayar da shi ruwa. Wanda ya daɗe da bari yakan riƙe sabon shiga, ya zama wanda zai nema idan sha'awar ta taso masa da dare. An fara irin wannan tsari a Amurka a 1935 domin mashaya giya, sannan a 1953 aka kafa na masu shan ƙwaya. Ba a biyan kuɗi, kuma abin da aka faɗa a wurin ba ya fita.

Ina za a fara nema?

Matakin farko shi ne ganin likita, domin yanke wasu ƙwayoyin farat ɗaya yana iya jawo jijjiga. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. A nan ne ya kamata a tambayi likita ko akwai wasu da ke kan hanyar bari da za a haɗa mutum da su. Haka kuma ana iya tuntuɓar ofishin hukumar NDLEA a Dutse, ko layinta na kyauta, 0800 1020 3040, wanda ta buɗe a 2022.

Inda babu irin wannan zama, mutum huɗu ko biyar sun isa su fara. A nan muke kira ga hakimai, dagatai, kansiloli da jami'an lafiya da su samar da ɗaki a makaranta ko ɗakin shan magani, su kuma sanya lokacin da ba zai ci karo da aikin gona ko ranar kasuwa ba. Na mata ya kasance daban, ƙarƙashin ma'aikaciyar lafiya. Kada shugaba ya nemi a ba shi sunayen mahalarta, domin ranar da asiri ya tonu, ranar zaman zai watse.

Abin da za a guje wa

Duk wurin da ake sa mari, ko duka, ko hana mutum maganin likita, ba wurin taimako ba ne. Ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019 ba.

Daga ƙarshe, idan ɗanku ya sake faɗawa bayan ya bari, kada a kore shi. A mayar da shi wurin likita, a kuma raka shi zama na gaba. Allah Ya shirya mana zuriya.